Gogen Mai Kan Zaki: Labarin Boris Kozlov, Makaɗin Rasha da Ya Gaji Charles Mingus

A cikin wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa da ke kan titi na 27 a birnin Niyok, wanda ake kira Jazz Standard, an yi shekara goma sha biyu, daga 2008 zuwa 2020, kusan kowace Litinin da dare ana taruwa domin a saurari kiɗan wani mutum da ya daɗe da barin duniya, watau Charles Mingus, baƙar fatar Amurka wanda masana wannan fanni suke lissafawa cikin shehunan kiɗan jaz. Babbar ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa ta mutum goma sha huɗu ce, masu busa a gaba, mai ganga da mai fiyano a gefe. Amma wanda ya san kan al'amarin, idan ya zauna, can baya yake kai idonsa, wurin da wani Bature yake tsaye rungume da wani goge wanda ya kai shi tsawo, domin a wannan ƙungiya wurin nan shi ne wurin mai gidan, watau Mingus, kuma sau da yawa gogen ma na mai gidan ne, wanda aka sassaƙa kan zaki a ƙarshen wuyansa. Sunan wannan Bature Boris Kozlov. A Mosko aka haife shi ran 5 ga Disamba, 1967, yana ɗan shekara goma sha ɗaya Mingus ya rasu, bai taɓa ganinsa ba, balle ya zauna gabansa ya ɗauki darasi.

Kafin mu shiga labarin yadda wannan gado ya faɗo hannun baƙo, ya kamata mu bayyana wa mai karatu ko wane irin abin kiɗa ne ake magana a kansa. Turawa suna ce masa bas. Siffarsa siffar goge ce, sai dai na katako ne duka, cikinsa ya fi na babbar randa faɗi, tsawonsa ya kusa kamu huɗu, yana da tsirkiya huɗu masu kauri, kuma a tsaye ake kaɗa shi, gindinsa a ƙasa, wuyansa a kafaɗar makaɗi. A manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai da baka ake goga shi, amma masu jaz galibi da yatsa suke fizgar tsirkiyar, ta ba da wani amo mai zurfi wanda ƙirji yake rigan kunne jinsa. Mafi kaurin tsirkiyoyin tana karkarwa kamar sau 41 ne kacal a cikin sakan ɗaya. Babu wata alama a wuyansa da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka, sai dai kunne da sabo, kamar dai yadda mai goge na ƙasarmu yake yi. Aikinsa kuwa, wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu ya lura da yaron nan mai kuntuku, wanda ba ya ƙawa, ba ya kirari, amma in ya yi tuntuɓe kiɗan duka ya watse, to, ya fahimci rabin aikin mai bas. Ɗaya rabin shi ne cewa kowane bugu nasa yana da murya, kuma a kan waɗannan muryoyi ne masu busa suke ɗora nasu gini, har su yi ta yawo yadda suka ga dama suna da tabbacin akwai ƙasa a ƙarƙashinsu.

Shigar jaz ƙasar Rasha tana da ranar da aka sani. Ran 1 ga Oktoba, 1922, wani mawaƙi kuma ɗan rawa mai suna Valentin Parnakh, wanda ya dawo daga Faris da kayan kiɗa, ya yi wasan jaz na farko a Mosko. A cikin shekarar nan kuma, watanni kaɗan kafin haka, aka haifi Mingus a garin Nogales na jihar Arizona, abin da babu wanda zai ce yana da wata alaƙa sai bayan shekara saba'in da wani abu. Tun daga ranar, hukumar Tarayyar Sobiyat ba ta taɓa tsayawa kan fatawa ɗaya game da wannan kiɗa ba. Wani lokaci a ce kiɗan talakawa baƙaƙen Amurka ne da ake zalunta, saboda haka ya halatta, har ma abin yabo ne. Wani lokaci a ce ruɓar 'yan jari-hujja ce, haramun ce. A 1928 babban marubucinsu Maksim Gorki ya yi wata maƙala a jaridar Pravda inda ya siffanta shi da kiɗan masu ƙiba, watau mawadata masu holewa, alhali kuwa a 1934 aka yi wani fim na barkwanci wanda Leonid Utyosov da makaɗansa suka fito a ciki, jama'a suka yi ta tururuwa, aka kuma ce shi kansa shugaban ƙasar, Stalin, ya ji daɗinsa. Wanda ya fi kowa ɗanɗanar wannan juyin fatawa shi ne Eddie Rosner, mai busa ƙaho haifaffen Balin, wanda ya gudo wa Hitila ya shigo ƙasar a 1939, aka ɗaukaka shi aka ba shi ƙungiyar gwamnati, sa'an nan a 1946, da yaƙi ya ƙare aka fara zaman doya da manja da Amurka, aka kama shi yana neman fita, aka kai shi sansanonin gwale-gwale har can Magadan a ƙarshen gabashin ƙasar, bai fito ba sai 1954, bayan mutuwar Stalin. Ko a can ɗin ma ba a bar shi ya huta ba, an sa shi ya haɗa ƙungiya yana yi wa masu gadinsa kiɗa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a cikin wannan tarihi shi ne yadda aka yi ilmin ya rayu a ƙasar da babu makarantarsa, babu littafinsa, babu kuma malamin da zai yarda a kira shi malaminsa. A watan Janairu na 1955 Muryar Amurka ta fara wani shiri na jaz wanda Willis Conover yake gabatarwa da Ingilishi a hankali, kalma bayan kalma, yadda ko ɗan koyo zai tsinta. Ya ci gaba da yin sa har rasuwarsa a 1996, kuma mutumin da a ƙasarsa kusan babu wanda ya san shi, a Mosko da Leningirad da Warso ya zama kamar shehin da ake karatu a zaurensa ba tare da an taɓa ganin fuskarsa ba. Dattawanmu da suka saba murɗa akwatin rediyo da asuba suna neman Landan a kan gajeren zango sun san yadda murya take zuwa ta tafi, ta nutse cikin ƙara ta sake ɓullowa. To, a cikin wannan hali samarin Rasha suke zaune da takarda da fensir, ko da na'urar ɗaukar magana in Allah ya hore, suna rubuta abin da kunne ya kama. Mai koyon ƙaho yana da sauƙi, gama muryar ƙaho tana ratsa kowace irin ƙara. Mai koyon bas shi ne abin tausayi: ƙaramar lasifikar rediyo ba ta iya fitar da amo mai zurfi, ƙarar gajeren zango kuma ta haɗiye ɗan abin da ya rage, sai ya zama almajiri yana jin inuwar darasin kawai, dole ya cike gurbin da ƙiyasi, ya ce tun da mai fiyano ya bi nan, lalle mai bas ya taka can.

Fayafayai kuwa, da yake ba a sayar da su a kanti, sai mutane suka gano cewa tsofaffin hotunan ƙashi da asibitoci suke zubarwa suna karɓar zanen allura. A yanke hoton da almakashi a kewaye, a huda tsakiyarsa da wutar sigari, a kwafi kiɗa a kansa da na'urar da aka harhaɗa a gida, a naɗe shi a cikin hannun riga a sayar a lungu. Idan ka ɗaga faifan a hasken taga sai ka ga haƙarƙarin wani bawan Allah ko karyayyiyar ƙafarsa, shi ya sa suke ce masa kiɗan haƙarƙari. Ba ya daɗewa yake lalacewa, amonsa kuma marar kyau ne ƙwarai, ga shi mutum yana iya shiga kurkuku a kansa.

Sannu a hankali ƙofa ta fara buɗewa. Makaɗin jaz na Amurka Benny Goodman ya zo da ƙungiyarsa a 1962, shugaba Khrushchev da kansa ya halarci wasan farko ko da yake bai ɓoye cewa kiɗan bai kwanta masa ba. Aka buɗe wasu gidajen shan shayi na matasa a Mosko inda aka ƙyale a yi jaz. Duke Ellington, shi ma makaɗin Amurka, ya zagaya biranen ƙasar a 1971. Sa'an nan a 1974 aka yi abin da, a ganina, ya fi dukan waɗannan ziyarce-ziyarce tasiri, watau aka buɗe sassan koyar da jaz da kiɗan zamani a kwalejojin kiɗa na gwamnati, har da kwalejin Gnesin ta Mosko, wadda wasu mata 'yan gida ɗaya suka kafa tushenta a 1895. Malaman farko na waɗannan sassa su ne dai samarin jiya da suka yi karatu a gaban rediyo, yanzu ga su da allo da albashi da jarrabawa, suna neman yadda za su mai da abin da suka tsinta da kunne ya zama manhaja mai babi-babi. Suna da wata fa'ida guda da ba kowa ke da ita ba: makarantun kiɗan Rasha sun daɗe da shahara wajen tsananin horo, karatun rubutaccen kiɗa da sarrafa yatsu da riƙon baka, saboda haka duk yaron da ya bi ta hannunsu yana fitowa da nahawun sana'ar a tafin hannunsa, ko da balagar ta rage masa.

Cikin yaran da suka tarar da wannan sabuwar hanya a share akwai Boris Kozlov. Da fiyano ya fara yana ƙarami, kamar yawancin yaran Mosko da iyayensu suka kai makarantar kiɗa, daga baya zuciyarsa ta koma ga bas, ya shiga Gnesin yana matashi da bas ta lantarki, wadda ake rataya kamar jita, kafin ya haɗa da babbar ta katako, ya gama a 1987. Daga nan aikin soja na dole ya ɗauke shi shekara biyu, aka sa shi cikin 'yan badujala, aka miƙa masa tuba, babban ƙahon nan na tagulla da ake rungumewa. Wani zai ce ɓata lokaci ne. Amma wanda ya san asalin jaz ya san cewa a Niyu Olins, zamanin da ake kiɗan ana tafiya a titi, tuba ce take yin aikin da bas ta zo ta karɓa daga baya, saboda haka sojan Sobiyat, ba da niyya ba, ya mai da yaron ga mafarin silsilar sana'arsa, ya kuma koya masa abin da mai fizgar tsirkiya yakan manta, watau cewa kowace murya tana da tsawon numfashi, tana da inda take farawa da inda ya kamata ta mutu.

Da ya fito daga soja a 1989 sai ya sami shiga ƙungiyar makaɗa ta Melodiya, kamfanin fayafayai na gwamnati wanda shi kaɗai yake da ikon buga faifai a duk faɗin ƙasar. Aiki ne na ɗakin ɗaukar sauti: yau a raka mawaƙiya, gobe kiɗan fim, jibi wani abu daban, a ajiye maka takarda a gabanka ka karanta nan take ba kuskure, kuma cikin ɗan lokaci ya sa hannu a fayafayai masu yawa. Ya ci gasar makaɗan jaz ta ƙasa baki ɗaya, sunansa ya fara fitowa, ga alama hanya ta miƙe masa a gida. Sai dai gidan ne yake rushewa. A 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyat ta wargaje, ya ɗauki jakarsa ya tafi Niyok yana ɗan shekara ashirin da uku.

Niyok ba ta tambayar mutum takardar shaida. Makaɗi sabon zuwa, ko da shi ne sarkin makaɗan garinsu, sai ya bi layi a wuraren da ake kiɗan dare, a kira waƙa ba tare da an tambaye shi ko ya san ta ba, a fara, in ya iya a sake kiransa, in bai iya ba babu mai zaginsa, wayarsa dai ba za ta yi ƙara ba. Kozlov ya yi shekaru yana wannan hidima, yana raka manya da ƙanana, har sunansa ya shiga cikin waɗanda ake nema in ana son aiki ya yi kyau. Kuma a ƙarshen shekarun 1990 ya shiga ƙungiyar Mingus, wadda, abin mamaki, a 1991 ɗin nan da ya sauka aka kafa ta.

A nan sai mu koma ga mai gidan. Mingus ya yi karatun bas a Los Anjelis wurin Red Callender, sa'an nan wurin Herman Reinshagen wanda ya taɓa zama babban mai bas na ƙungiyar Filhamonik ta Niyok, ya kuma ɗauki Duke Ellington a matsayin imaminsa a fagen tsara kiɗa, ko da yake da ya sami shiga ƙungiyar Ellington ɗin a 1953 bai daɗe ba aka sallame shi saboda faɗa. Mutum ne mai zafin zuciya, wanda yakan tsai da kiɗa a gaban jama'a ya yi wa makaɗinsa faɗa ko ya yi wa masu surutu huɗuba, har ya taɓa naushin mai busa masa kakaki, Jimmy Knepper, ya cire masa haƙori. Kiɗansa cike yake da amon cocin baƙar fata inda ya tashi, da kukan zalunci, da izgili ga azzalumai, kamar wanda ya yi wa Orval Faubus, gwamnan Arkansas da ya sa sojoji suka tare yara baƙaƙe a ƙofar makaranta a 1957. Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne tsarin koyarwarsa: a wani zamani na rayuwarsa ya ƙi rubuta wa makaɗansa kiɗa a takarda, sai ya zauna gaban fiyano ya rera wa kowa rabonsa da baki, ya maimaita har ya haddace, domin ya yi imani cewa abin da ya shiga ta kunne yana fita da rai, abin da ya shiga ta ido kuwa yana fita a sandare. Ciwon shanyewar jijiyoyi ya kama shi, ya rasu a Kuwernabaka ta ƙasar Meziko ran 5 ga Janairu, 1979, yana da shekara 56, matarsa Sue ta kai tokarsa kogin Ganjis na Indiya bisa wasiyyarsa, ta dawo ta ɗauki sauran rayuwarta ta ba wa aikin raya abin da ya bari.

Ita ce ta danƙa wa Kozlov amanar wannan wuri, har ya zama ba mai bas kaɗai ba, yana cikin masu tsara kiɗan da jagorantar ƙungiyar, ita ce kuma ta yarda ya riƙa kaɗa gogen mai kan zaki. Na san akwai masu ganin wannan da ƙyashi, suna cewa ina ruwan mutumin Mosko da kukan jikokin bayi, kuma ba zan ce maganarsu ba ta da tushe ko kaɗan ba, gama an sha cin amanar baƙaƙen Amurka a kan kiɗansu, su ƙirƙira wasu su kwashe riba. Amma malamanmu na zaure sun daɗe da rarrabe tsakanin gadon jini da gadon ilmi, sun kuma san cewa sau da yawa littafin shehu yakan tsallake 'ya'yan cikinsa ya faɗa hannun almajirin da ya zo daga nesa da ƙafa. Ai Sibawaihi da ya tsara wa Larabawa nahawunsu Bafarishe ne. Abin da ake tambaya shi ne isnadi, daga wa ka karɓa, shi kuma daga wa. Kozlov bai riski Mingus ba, amma ya riski sahabbansa, ya tsaya shekaru a bayan mutanen da suka ji faɗan mai gidan da kunnensu, suka haddace rabonsu daga bakinsa, kuma irin waɗannan mutane ba sa yi wa kowa kara a kan kiɗan da suka sha wuya a kansa. In da bai iya ba, da ba a kai wata uku ba an canja shi. Akwai kuma wata dacewa da ban ga an cika ambata ba: mutumin da malamansa suka koyi sana'ar da kunne saboda hukuma ta hana su takarda, shi ne ya zo ya gaji mutumin da ya hana almajiransa takarda da gangan.

Shaidar aikin tana nan a faifai. Wasan da ƙungiyar ta yi a daren shiga shekarar 2009, wanda aka fitar da sunan Live at Jazz Standard, ya sami lambar Grammy a 2011, kuma Kozlov ne a kan bas. Ya fitar da nasa na kansa, cikinsu har da Double Standard, wanda bas ce zalla ba rakiya, aikin da ba kowa ke da ƙarfin halin yi ba domin babu inda kuskure zai ɓuya, da Conversations at the Well na 2016, da First Things First na 2022. Yana kuma cikin ƙungiyar mutum biyar mai suna Opus 5 tare da ɗan ƙasarsu Alex Sipiagin, mai busa ƙaho, wanda shi ma Gnesin ya yi, shi ma a farkon shekarun 1990 ya ƙaura, shi ma ya daɗe a ƙungiyar Mingus.

Koyarwarsa ta fi bayyana a wurin da Sue Mingus ta fi ba muhimmanci a ƙarshen rayuwarta, watau gasar ɗaliban sakandare da ta fara a 2009 a makarantar kiɗa ta Manhattan, inda yara daga jihohi daban-daban suke zuwa da kiɗan Mingus da suka shirya, makaɗan ƙungiyar kuma su zauna da su su gyara musu. Darasin mai bas a irin wannan zama ba ya wuce abubuwa kaɗan, sai dai kowannensu yana cin shekaru: yatsa ya ja tsirkiya da tsokarsa duka, ba da bakin farce ba, nauyin hannu ya fito daga kafaɗa, kunne ɗaya yana wurin mai ganga, ɗaya yana wurin mai busa, a san lokacin da za a tura kiɗa gaba da lokacin da za a riƙe shi, gama kiɗan Mingus yakan sauya gudu a tsakiyar tafiya, ya yi sauri ya koma a hankali, kuma mai bas ne liman a wannan juyi, in ya yi rafkanuwa duk sahu ya rikice. Yaran da ke gabansa yawancinsu Amurkawa ne, wasunsu baƙaƙe, jikokin mutanen da aka yi kiɗan dominsu, suna karɓarsa daga bakin wani mai Ingilishi da karin harshen Rasha.

Annobar korona ta rufe Jazz Standard a ƙarshen 2020, Sue Mingus kuma ta rasu a watan Satumba na 2022 tana da shekara 92, amma ƙungiyar ta sami wasu wurare ta ci gaba da wasa. Mai karatu da yake son ya ji abin da muka yi ta siffantawa, ya nemi faifan nan na daren shiga 2009 a intanet. Sai dai ina roƙonsa kada ya saurara ta lasifikar wayar hannu, domin ita ma, kamar rediyon samarin Mosko, haɗiye bas take yi. Ya sa abin ji na kunne, ya ƙyale masu busa su yi ta hayaniyarsu, ya bi amon da ke can ƙasa.